Allura Cikin Ruwa, Mai Rabo Ka Ɗauka?

Yau tambaya na zo da ita, irin wadda take raba kan 'yan uwa ciki ɗaya. Idan Allah Ya jarrabi mahaifinka ko mahaifiyarka da ciwon shanyewar ɓarin jiki, hannu ya saki, ƙafa ta ƙi ɗaguwa, baki ya karkace, sai aka zo maka da labarin wani magani wanda babu mai iya rantse maka cewa yana aiki, babu kuma mai iya rantse maka cewa ba ya aiki, me ya wajaba a kanka? Ka sayar da abin da ka mallaka ka bi shi? Ko kuwa ka riƙe kuɗinka, duniya ta ce ka fifita dukiya a kan wadda ta haife ka?

Maganin da ya sa na tayar da zancen shi ne allurar Sinawa, wadda 'yan boko ke kira akufanca. Labarinta ya daɗe da isowa ƙasar Gumel. Tun shekarar 1976 ƙasar Sin take aiko da likitocinta Jamhuriyar Nijar, sun yi aiki a Yamai da Maraɗi da Damagaram, a cikinsu har da masu wannan allura. Mu kuwa da Nijar ai gida ɗaya ne, duk ranar Alhamis kasuwar Maigatari tana haɗa mu, labari yana tsallako iyaka kamar yadda raƙuma da shanu ke tsallakowa. Ga 'yan kasuwarmu masu zuwa Sin saro kaya, ga kuma wayar hannu da take nuna maka gurgu ya miƙe cikin minti 1. Shi ya sa yau ko a ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar za ka ji ana cewa, "Wai ba ku gwada allurar nan ta 'yan Sin ba?"

Bari mu fara da sanin ita kanta allurar. Ba irin ta asibiti ba ce, babu ruwan magani a cikinta. Wani siririn ƙarfe ne da bai fi gashin wutsiyar doki kauri ba, ana soka shi a wasu wurare na jiki, a bar shi kamar minti 20 ko 30, sannan a zare. Sinawa sun fi shekara 2,000 suna yinta. A fahimtar magabatansu akwai wani ƙarfi da suke kira "ci" mai gudana ta wasu hanyoyi a jiki, idan ya tsaya sai ciwo ya zo, allura kuma ita ce mai buɗe masa hanya. Wuraren sukar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daidaita sunayensu guda 361 ne. Har yau masu fiɗa ba su ga waɗannan hanyoyi da ido ba, likitocin zamani sun fi ganin cewa jijiyoyi allurar take taɓawa. A shekarar 1971 wani ɗan jaridar Amurka, James Reston, ya kwanta asibiti a Bejin, aka yi masa aikin afendis, aka rage masa ciwon bayan aiki da allurar, ya ba da labari a jaridar New York Times. Daga nan ta yi suna a ƙasashen Turawa. A 1972 kuma wani likita a birnin Tiyanjin mai suna Shi Xuemin ya tsara hanyar yinta musamman don masu shanyewar ɓarin jiki.

To shi kuma ciwon fa? A nan ne da yawanmu muke kuskuren fahimta. Hannun da ya saki lafiyarsa ƙalau, matsalar tana can cikin kai. Wata jijiyar jini ce a ƙwaƙwalwa take toshewa ko ta fashe, sai wurin da jini ya daina kaiwa ya mutu. Idan abin ya faru a hagun ƙwaƙwalwa, daman jiki ne zai shanye, idan a dama ne kuma hagu. Kamar doki ne lafiyayye da mahayinsa ya faɗi, ko ka yi ta shafa dokin babu mai jan linzami. Babban mai jawo wannan kuwa shi ne hawan jini. Wani babban bincike da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, har da asibitin Malam Aminu Kano, ƙarƙashin Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan, wanda aka fitar a 2018, ya nuna kusan kashi 90 cikin 100 na wannan ciwo a wajenmu yana da nasaba da hawan jini.

Cikin rahamar Ubangiji, ƙwaƙwalwa tana iya koyon aiki sabo. Sassan da ke maƙwabtaka da wurin da ya mutu sukan ɗauki wani abu daga aikinsa, amma sai an yi ta maimaita motsi, yau da gobe, kamar yadda yaro ke koyon tafiya. Yawancin sauƙin da za a samu yana zuwa ne a wata 3 na farko, ya ci gaba a hankali zuwa wata 6, bayan nan sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ku riƙe wannan magana ta wata 3, za mu dawo kanta.

Shin allurar tana dawo da motsi? Masana sun gwada. A 1993 likitocin ƙasar Suwidin sun yi wani ɗan gwaji suka ga kamar tana taimako. Sai aka sake shi da majinyata 150, aka fitar da sakamako a 2001. An raba su kashi 3, a ciki akwai waɗanda aka yi wa allura, da waɗanda aka manna wa wata na'ura da wutarta ba ta ma kai a ji ba. Bayan wata 3 da bayan shekara 1 ba a ga wani bambanci a tsakaninsu ba. A Ingila a 2005 an gwada majinyata 116, rabi da allurar gaske, rabi da wata ta wasa wadda take noƙewa cikin mariƙinta ba ta huda fata. Nan ma waɗanda aka soka ba su fi 'yan uwansu iya hidimar kansu ba. A 2016 ƙungiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 31 da suka ƙunshi mutum 2,257, ta ce akwai alamun amfani, amma yawancin gwaje-gwajen ba su da ingancin da za a dogara da su. Tun a 1998 ma wasu masana a Ingila sun lura cewa duk gwajin allurar da suka duba daga Sin da Jafan da Hon Kon da Taiwan, babu ko ɗaya da ya ce ba ta aiki. Ai ko ɗalibi ne kullum yake cin 100 bisa 100, dole a duba mai makin. Inda aka fi ganin amfaninta shi ne rage ciwo, irin na baya da gwiwa. Zancen tayar da hannun da ya shanye kuwa, yana nan tsakanin ƙila da wataƙila.

Yanzu mu dawo gida. A ɗauka wata dattijuwa ce a wani ƙauyen Gagarawa, ta faɗi a bakin murhu da safe. 'Ya'yanta suka taru. Abin da gidan ya mallaka bai wuce kuɗin riɗi da zoɓon bana ba, sai sa guda na huɗa. Babban ɗa da ke zaune a Kano ya iso ya ce, "Wallahi ko nawa ne a kai Inna wajen masu allurar nan, ba za a ce muna raye ta lalace ba." Ƙanwarsa ta ce, "Yaya, in an sayar da san, da me za a yi huɗa? Maganin hawan jinin nata fa na kowane wata?" Sai ya ce mata ba ta da tausayi. Wa ya fi gaskiya a cikinsu?

Ni dai ba na zargin Yaya da rashin ƙauna. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Amma in za mu faɗa wa kanmu gaskiya, ba ƙauna kaɗai ke tura mu wajen magani mai nisa mai tsada ba. Akwai tsoron bakin mutane. Akwai kuma abin da ba mu son faɗa, wato biyan kuɗi sau ɗaya ya fi sauƙi a kan zama da maras lafiya wata 6. Wanda ya sayar da sa kowa ya gani, za a yi ta sa masa albarka a majalisa. Wadda take tashi tsakar dare tana juya Inna duk bayan awa 2 don kada gyambon kwanciya ya kama ta, tana wanke ta, tana lanƙwasa mata yatsu ɗaya bayan ɗaya, tana riƙe ta su taka daga ɗaki zuwa gindin darbejiya, wa ya gan ta? Sau da yawa suruka ce, ko 'ya, ko jikar da aka cire daga makaranta.

Ga inda zancen wata 3 ya shigo. Tunda sauƙi yakan zo ne a wannan lokaci, duk maganin da aka yi a cikinsa shi ke kwashe yabo. In allura aka yi, a ce allura ce. In ƙaho aka yi, a ce wanzami ya iya. In hayaƙi aka yi, a ce an kori iska. Ranar da Inna ta ɗaga cokali da kanta, za a aika wa mai allura goron godiya, ita kuwa wadda ta kama hannun sau dubu ko sannu ba za ta samu ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Wannan zalunci ne ƙarami a ido, amma yana da illa, domin gobe idan maƙwabci ya faɗi, shawarar da za a ba shi ita ce ya nemi allura, ba za a ce ya nemi mai kama masa hannu ba.

Wani zai ce, "Haba Hajiya, ai sa rai ma magani ne. Ko allurar ba ta komai, in Inna ta yarda da ita za ta samu ƙarfin zuciya." Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, ban raina ta ba. Majinyacin da ya yanke ƙauna ba ya yarda ya motsa, wanda ba ya motsi kuwa gaɓoɓinsa ƙagewa suke. Ranar zuwa wajen mai allura ana yi wa Inna wanka, a sa mata turare, ta ga hanya, wani ya zauna ya taɓa ta ya tambaye ta jiki. Duk wannan alheri ne. Sai dai akwai bambanci tsakanin "mu gwada, Allah Ya sa a dace" da "tabbas za ki miƙe kafin sallah." Na farko sa rai ne, na biyu ƙarya ce, ko da da kyakkyawar niyya aka yi ta. Idan sallah ta zo Inna ba ta miƙe ba, faɗuwar zuciyarta za ta fi ta farko. Kuma mun san halinmu, in magani mai tsada ya ƙi ci, ba ma cewa maganin ne bai isa ba, sai mu ce ai ciwon ba na Allah da Annabi ba ne, jifa ne. Daga nan a fara kallon kishiya, ko matar ɗa. Gidaje nawa ne zumunci ya tsinke a cikinsu a kan ciwon da asalinsa hawan jini ne?

Wani kuma zai ce, "To shi asibitin yana da tabbas ne?" Ba shi da shi. Akwai wanda za a yi wa komai kuma hannun ba zai dawo ba. Likitocin gashin ƙashi ma ba su wadata a karkara ba, duk da Jami'ar Bayero tana yaye su, sau da yawa sai an dangana da Gumel ko Dutse ko Kano, ga kuɗin mota ga wahalar ɗaukar maras lafiya. Amma rashin tabbas hawa-hawa ne. Manomi bai da tabbacin damina, duk da haka ba ya barin irin da ya sani ya zuba dukan gonarsa da irin da ya ji labari a kasuwa. Yakan ware ɗan gefe ya gwada baƙon. Hankalin da muke yi wa gona, ai jikin uwa ya fi cancanta da shi.

Saboda haka ni a ganina amsar tambayar tana cikin jeri, wato sanin abin da ke gaba da abin da ke baya. Na gaba duka shi ne gaggawa. Da zarar baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, a nufi asibiti a lokacin, kada a tsaya jiran gari ya waye ko jiran Yaya ya iso. Kada a ɗura wa mutum ruwa ko kunu ko rubutu a wannan hali, domin maƙogwaro ma yakan shanye, abin ya wuce huhu. Hoton ƙwaƙwalwa ne ke bambance toshewa da fashewa, maganinsu kuma ba ɗaya ba ne. Allurar narkar da gudan jini, inda ake da ita, cikin awa 4 da rabi na farko ake yinta. Bayan wannan sai maganin hawan jini kullum ba fashi, da rage gishiri da kanwa da dunƙulen miya, don wanda ya faɗi sau ɗaya yana cikin haɗarin na biyu. Sai motsa jiki. Ko sau ɗaya a wata aka samu ganin likitan gashi, mai jinya ta je tare, ta koyi abin da za ta riƙa yi a gida. Kada a ja majinyaci ta hannun da ya shanye, kafaɗa tana iya gocewa. Kada a gasa shi da ruwa mai tsananin zafi, fatar da ba ta ji sai ta ƙone bai sani ba.

In an cika waɗannan, kuma akwai rara, babu laifi a gwada allurar. A can Sin ɗin ma a asibitoci haɗa ta suke da magani da motsa jiki. Amma da sharaɗi. Mai yinta ya zama ya koya da gaske, don yanzu kowa ya sayo kwalin allura sai ya zama likita. A buɗe sabuwa a gabanka, a yar bayan an gama, saboda ciwon hanta da ƙanjamau suna bin allurar da aka maimaita. In majinyaci yana shan maganin tsinka jini, a faɗa. A yanka wa'adi, in an yi makonni ba a ga canji ba a tsaya. Duk wanda ya ce a ajiye maganin asibiti, ko ya ce shi nasa ba ya kuskure, to a tashi a bar masa wurinsa.

Na ji masu kafa hujja da maganar nan ta neman ilmi har ƙasar Sin, alhali malaman hadisi sun ce ba ta inganta ba. Na kuma ji masu cewa abin waɗanda ba Musulmi ba ne, ba za su taɓa ba, alhali ƙwayar da suke sha ma ba a Makka aka yi ta ba. Duka biyun ba ma'auni ba ne. Mu da muke da ƙaho da tsaga da sakiya ba mu da bakin yi wa Sinawa dariya, kuma nisan garinsu ba ya ƙara wa allurarsu ƙarfi. Mudu ɗaya za a auna na gida da na waje da shi: me aka gani da aka gwada, me zai ci, wace illa zai iya yi?

Saura abu guda da ake yawan mantawa, ita Innar an tambaye ta? Sau da yawa ana yanke shawara a kanta tana kwance tana ji, kamar ba ta wurin. Nauyin baki ba gushewar hankali ba ne, da yawansu suna fahimta sarai, za su iya amsawa da kai ko da ido. Jikinta ne za a soka, wataƙila ma akuyoyinta ne za a kai Maigatari. In an gaya mata gaskiya, cewa ƙila ta taimaka ƙila ba za ta taimaka ba, ta ce tana so, a yi mata gwargwadon hali. In ta ce a bar wa jikokinta kuɗin makaranta, wannan ma zaɓinta ne, kada a ce ta rikice. Biyayya ga iyaye ta haɗa da sauraronsu.

Kai kuma Yaya, in kana son fita haƙƙin Inna, ga hanya. Ɗauki nauyin maganinta na kowane wata. Sayi abin awon jini ka ajiye a gida. Mayar da yarinyar nan makaranta, a raba kwanan jinya tsakanin 'ya'ya maza da mata. In ka zo ranar Juma'a kada ka tsaya a bakin ƙofa kana "Ya jiki?", shiga ka zauna a tabarma, ka kama hannun da ya goya ka, ka lanƙwasa shi ka miƙe sau 20. Zuwa da kai ya fi aike. Ka kuma yi wa mai jinya alheri da baki da aljihu, don ita ma mutum ce, tana gajiya.

Addininmu ya hore mu da neman magani, ya kuma koya mana a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Ɗaure raƙumi a wannan ciwo yana farawa tun kafin a faɗi. Duk wanda ya haura shekara 40, mace ko namiji, ya riƙa zuwa ana auna masa jini ko ba ya jin komai, domin hawan jini ba ya sallama. 'Yan uwana mata, musamman wadda jininta ya taɓa hawa lokacin goyon ciki, kada mu yi wasa da wannan. Awo a ɗakin shan magani na garinku bai kai kuɗin atamfa ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Ya saka wa masu jinya da alheri, Ya ba mu ikon faɗa wa juna gaskiya ko da tana da ɗaci. Allah Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya, amin. Wassalamu alaikum.